Sigina Huɗu a Kan Babur ɗin Hamajoɗa

Namtari, Yola
9 ga Yuli, 2024

Zuwa ga ƙanena Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan alhamdu lillahi. Matata Asta tana fama da gwiwarta kamar kullum. Ruwa ya sauka sosai, masara ta kai ƙugu. Makon jiya na je Yolde Kohi na gaida mahaifiyarka Goggo Mairo, na same ta garau, sai dai idon nan da ke damun ta.

Sau shida na kira wayarka ba ka ɗauka ba. Na san manyan ma'aikata ba sa ɗaukar wayar manoma, shi ya sa na rubuta na ba direban motar da ke zuwa garin Lafiya. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, ko ka ƙi ko ka so.

Ga abin da ya faru. Ranar Alhamis dab da magariba, hadari ya haɗu, ina dawowa a babur da buhun taki biyu a baya. Na zo zan karya hagu daga babban titi in shiga hanyar gida, sai wani mai keken haya mai ƙafa uku, Hosea sunansa, ya taho a guje zai wuce ni, ya kwashe ni ta gefe. Ni ƙafa kawai na goge. Kekensa ne ya kife, matar da ya ɗauko, wata malamar firamare Magdalena, ta karye a ƙugu, tana asibiti. Shi Hosea yana hannun 'yan sanda. Irin mutanen nan ne da suka cika mana gari tun lokacin gudun hijira, kowa ya samu keke sai ya ɗauka titin na ubansa ne.

Da aka tambaye ni na ce na sa sigina. Kai ma ka san babur ɗina ba shi da waɗannan 'yan kunnuwan masu ƙyaftawa. Amma na miƙa hannu, kuma duk Namtari babu wanda bai san inda Hamajoɗa yake karya kwana ba. Maƙwabta sun turo min babur ɗin gida kafin 'yan sanda su iso, don haka ba su gan shi ba tukuna. 'Yan sandan sun ce ranar 22 ga wata mai duba motoci zai zo ya duba.

Aikinku ɗaya da shi. Ka kira shi, ka gaya masa ni yayanka ne. Wannan kaɗai nake nema.

Yayanka,
Hamajoɗa

*

Lafiya
14 ga Yuli, 2024

Hamma Hamajoɗa,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, muna lafiya. Allah ya ba Adda Asta sauƙi, kai ma Allah ya warkar da ƙafar.

Na karanta sau biyu, don da farko na zaci wasa kake yi. Mace tana kwance da karyayyen ƙugu, mutum yana tsare, kai kuma abin da ya dame ka shi ne ban ɗauki waya ba.

Tunda ka kira su 'yan kunnuwa, bari in gaya maka abin da doka take nema a jikin babur, ko da yake na san ɓata tawada nake yi. Fitilar gaba fara, mai haske sama da ƙasa. Jar danja a baya, wadda ke kunne muddin ta gaba tana kunne, kuma ta ƙara haske idan ka taka birki ko ka matse na hannu. Sigina huɗu ruwan goro, biyu gaba biyu baya, masu ƙyaftawa. Ɗan jan abin nan mai ƙyalli idan hasken mota ya doke shi. Har lambar babur ana so a iya karanta ta in duhu ya yi. A cikin waɗannan wanne kake da shi? Rabona da ganin babur ɗinka shekara uku, a lokacin ma fitilar gaban ba ta fi aci-balbal haske ba, bayan kuwa babu komai sai igiyar roba.

Ka ce ka miƙa hannu. Da buhu biyu a bayanka, ga hadari, ga magariba, wa zai ga hannun? Ka ce duk Namtari an san kwanarka. Titin gwamnati ne, Hamma, ba tsakar gidanka ba. Kullum irinku nake gani a wurin aiki. Mutum ya sayi sabon babur, kafin ya kai gida ya cire madubi ya cire sigina, wai sun yi masa nauyi. In ya kashe mutum ya ce ƙaddara.

Ba zan kira kowa ba. Ban san jami'in ba, ko na san shi ma ba zan zubar da mutuncina a kan wannan ba. Shawara ɗaya zan ba ka. Kafin ranar 22, ka je ka gyara abin da ka ɓata. Ka san abin da nake nufi, ba sai na rubuta shi ɓaro-ɓaro ba.

Abdurra'uf

*

Namtari
25 ga Yuli, 2024

Ƙanena Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ƙafa ta bushe, Asta tana gaishe ka.

Useko, na gode. Da na fara karanta takardarka raina ya ɓaci, har na kusa jefa ta a murhu. Sai da na kai layin ƙarshe na yi dariya. Na ce wa Asta, kin ga 'yan boko, sai sun cika takarda da wa'azi saboda kada wani ya gani, sannan su ɓoye maganar gaskiya a ƙasa. Ashe duk wannan faɗan na ofis ne.

Na gyara abin da na ɓata, kamar yadda ka ce. Na aika aka kira Ya'u bakanike daga Bako, ya zo har gida da kayansa. Na ce masa ba sababbi nake so ba, ya samo na hannu. Ya ɗaura sigina huɗu, ya ja waya zuwa danja, ya canza ƙwan fitilar gaba. Wallahi ko awa ɗaya bai yi ba. Da ya gama na ɗebo taɓo na shafa a gindinsu, na bar shi ya bushe, na fasa gilashin ɗaya na hagu da dutse don ya yi kama da wurin da keke ya buga.

Ranar Litinin jami'in ya zo, wani ɗan siriri mai tabarau. Ya danna hagu ta ƙyafta, ya danna dama ta ƙyafta, ya taka birki danja ta kama. Ya tambaye ni, "Baba, tun yaushe waɗannan suke jiki?" Na ce, "Tun kana makaranta." Na ƙara da cewa ƙanena Abdurra'uf babban jami'i ne a irin aikinku a Lafiya, shi ne ma yake sa ni kula da fitilu. Ya rubuta sunanka a takardarsa.

'Yan cocinsu sun yi belin Hosea, amma kekensa yana hannu, kuma za a kai shi kotu kan tuƙin ganganci. Na gan shi a ofishin 'yan sanda yana ta rantsuwa, wai bai ga wata sigina ba. Har ya zo gabana ya ce, "Baba, ka ji tsoron Allah." Na ce masa, "Kai ka ji tsoron titi."

In ka zo Sallah akwai zabi biyu da na ware maka.

Yayanka,
Hamajoɗa

*

Lafiya
29 ga Yuli, 2024

Hamajoɗa,

Salam. Lafiyata ƙalau kafin takardarka ta iso.

Ban taɓa ganin mutumin da ya iya karatu don ya cuci kansa kamar kai ba. Abin da ka ɓata bayaninka ne! Ƙaryar da ka yi wa 'yan sanda, ita na ce ka je ka gyara. Ka koma ka ce babu sigina, hannu ka miƙa. Ko ɗan aji uku zai gane haka. Kai kuma ka je ka shafa wa ƙarya taɓo, ka fasa gilashi da dutse, sannan ka ɗauki sunana ka liƙa a kai.

Shekara goma sha tara ina wannan aiki babu wanda ya taɓa kama ni da abin kunya. Rana ɗaya wani manomin da bai san bambancin danja da tocila ba ya sa an rubuta sunana a rahoton ƙarya.

Ka riƙe zabinka. Takardarka ta farko tana hannuna, inda ka rubuta da hannunka cewa babur ɗin ba shi da sigina. Ta biyun ma tana nan. Na ba ka mako biyu. In ba ka je ka faɗi gaskiya ba, zan haɗa su da bayanina in aika wa kotu. Wancan tarkacen ƙarfen kuma da kake kira babur, ka kai wa masu gwangwan su auna. Tun da aka hana babur a cikin gari ya kamata a ce ka rabu da shi, mutane su huta.

Abdurra'uf

*

Namtari
26 ga Agusta, 2024

Malam Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Direban ya kwanta zazzaɓi, takardarka ta yi sama da kwana ashirin a aljihun motarsa, sai shekaranjiya ta zo hannuna. Wato mako biyun da ka ba ni sun ƙare ban ma sani ba. Na je kotu ranar 20 aka ɗaga shari'a, ban ji an ambaci wata takarda daga Lafiya ba.

Ka kira shi tarkacen ƙarfe. To bari in tuna maka, tunda ƙwaƙwalwar manya ba ta riƙe ƙananan abubuwa.

Shekarar da 'yan ta'adda suka shiga Mubi, Goggo Mairo tana can wurin suna. Kai kana kwas a Kaduna. Ka kira ni kana kuka kamar yaro, kana cewa, "Hamma, Inna, Hamma, Inna," ka kasa haɗa magana. A ranar wayar manomi tana shiga. 'Yan'uwanka na Jimeta masu motoci babu wanda ya motsa. Ni na ciro babur ɗin nan daga rumfar gona na kama hanya. Na same ta a wani ƙauye ta yi tafiyar yini biyu a ƙafa, takalmi ɗaya, ƙafafunta sun kumbura.

A lokacin sigina huɗu gare shi, sababbi, masu kyau irin na dokarka. Da asuba muka taso ta daji. Makunnin ya maƙale, ta hagu ta kama ƙyaftawa ta ƙi mutuwa, ga harbi muna ji ta gabas. Na tsaya na karye su duka huɗun da hannuna, har yau tabon yana tafina. Danja kuma duk taka birki sai ta haska bayanmu jawur, na sa wuƙa na yanke wayar. Mahaifiyarka tana riƙe da rigata tana salati har muka fito titi.

Da ka dawo daga kwas ka zo Namtari da lemon kwalba guda shida, ka zauna minti goma ba ka cire takalmi ba. Ban taɓa yi maka gori ba sai yau.

Ka aika takardun. Amma ni ma gobe zan ɗauki naka in kai wa Goggo, a karanta mata, ta ji yadda ɗanta yake zagin babur ɗin da ya ɗauko ta.

Hamajoɗa

*

Lafiya
2 ga Satumba, 2024

Hamma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai aiki.

Ban manta da Mubi ba, kuma ban musa ko kalma ɗaya ba. Allah ya saka maka. Amma shekara goma ke nan. Wa yake bin ka da bindiga tsakanin gonarka da Namtari? Ka karye su don dole, ka bar su a karye don taurin kai, kana yawo da abin kamar lambar yabo. Malamar nan ba ta san Mubi ta ci siginarka ba. Ita dai ta hau keke za ta gida.

Maganar takardu, na dakata da aikawa saboda zumunci. Na yi tunani, abin zai iya kai ka gidan yari, ga shekarunka. Kuma akwai zaman ƙarin girma a ofishinmu wannan wata, ba lokacin da ya dace sunana ya shiga bakin kotu ba ne, ko da a matsayin mai gaskiya. Ka bar maganar ta bi hanyarta. Wataƙila tara kawai za a ci yaron.

Abu ɗaya nake roƙo, kada ka kai wa Inna wannan magana. Hawan jininta ba zai ɗauka ba. Kuma in an sake tambayar ka, ka ce ba ka da wani ɗan'uwa a wannan aiki, kuskure ka yi.

Abdurra'uf

*

Namtari
27 ga Satumba, 2024

Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai. An fara karyar masara. Goggo lafiyarta lau, jininta bai hau ba, kada ka damu.

Roƙonka ya makara. Kafin takardarka ta iso na riga na je Yolde Kohi. Na je ne in kai ƙararka, ba zan ɓoye ba. Ƙanwarka Naziha ta karanta mata takardunka biyu, ni ina zaune ina jiran ta ce a kira ka ta wanke ka tas. Da aka gama sai ta juyo wajena.

Ta ce, "Hamajoɗa, da gaske ka shafa musu taɓo?"

Na ce, "Goggo, ba wannan na kawo ba. Ki ji abin da ya ce a kan babur."

Ta ce, "Na ji. Wannan rashin kunya ne, tun yana ƙarami haka yake. Kai nake tambaya. Yaron nan mai keke yana da iyali?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ba ka ma tambaya ba." Ta jawo mayafinta ta ce, "Ni na ga lokacin da ka yanke wayar nan, jini yana zuba a hannunka. Shekara goma duk sallar da na yi sai na sa sunanka. Yanzu ka haɗa wayar don a ɗaure ɗan mutane. Ka tashi ka tafi, kada ka sake shigo min gida sai ka je ka faɗa wa alƙali."

Ko ruwa ba ta bari an ba ni ba. Kwana uku ban iya cin tuwo ba, Asta tana ta tambaya ko ƙafar ce ta tashi.

Sai ga takardarka. Na karanta, na sake karantawa. Kai da ka cika min kunne da fari da ja da ruwan goro, kai da ka ba ni mako biyu, ashe duk dokar taka ba ta wuce ƙofar ɗakin da ake ƙarin girma ba. Wai a bar magana ta bi hanyarta, wai tara kawai za a ci yaron. Ni na yi ƙarya don na raina doka. Kai ka san ta layi-layi, ka san gaskiya, ka sa ta a durowa ka kulle. Kada ka ƙara kiran wannan zumunci.

Ranar 17 aka koma kotu. Da aka kira ni shaida na ce ina da gyara. Na faɗi komai, daga hannun da na miƙa har dutsen da na fasa gilashi da shi. Alƙalin ya cire tabarau ya ce, "Baba, ka san abin da kake faɗa zai koma kanka?" Na ce na sani. Ya tambaya wa ya ba ni shawarar ɗaura fitilun. Na ce babu kowa, ni ne ban iya karatu ba. Sunanka bai fito ba, ka kwantar da hankalinka ka karɓi girmanka.

An sallami Hosea, an ba shi kekensa. Ni na kwana huɗu a tsare kafin a yi belina, an ci ni tara, an riƙe babur, kuma akwai sauran zama a kan ƙaryar da na yi. Ya'u ya daina amsa sallamata, don shi ma an kira shi. Hosea ya wuce ni a bakin kotu da matarsa da 'ya'ya uku. Daga baya na ji daga Michika suka gudo, a shekarar nan dai da aka shiga Mubi.

Jiya na sa Asta ta raka ni gidan malamar a Jimeta. An sallamo ta daga asibiti amma tana kwance, likita ya ce ko ta tashi da sanda za ta riƙa tafiya. Na kai mata ƙwai da zuma. Ta amsa gaisuwa, ta ce a ba mu kujera. Na fara ba ta haƙuri, ina ta kewaye-kewaye, sai ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Baba, abu ɗaya nake so in sani. Bakaniken nan da ya ɗaura maka fitilun, kwana nawa ya yi yana aikin?"

Na ce, "Ba kwana ba ne."

Ta ce, "To, yini?"

Na ce, "Bai cika awa ɗaya ba."

Ta kalli silin. Sannan ta ce, "Ni yau mako goma sha biyu ke nan ban taka ƙasa ba."

Asta ta ja ni muka fito.

Kada ka ba ni amsa, direban ma ya gaji da mu.

Hamajoɗa